Rubutun Kalman a Cikin Gari

Ranar da labarin ya iso, Etelka tana tsaye da kwanon kwaɓin burodi. Maƙwabciyarta Piroska ta faɗo kicin ɗin ko sallama babu.

"Sun kama Malam Kalman a kasuwa! Wani ya kai ƙara. Ga ɗan sanda can tafe, zai bincike gidan."

Shekara biyu ke nan da aka rufe makarantar Hungariyanci ta ƙauyen, aka ce kowa ya koyi harshen Silobak. Kalman, mijin Etelka, bai daina koyar da Hungariyanci a ɓoye ba. Yakan barbaɗa gari a kan katakon murza burodi, ya rubuta da yatsa yadda kalmar aiki ke juyawa: ina jira, kana jira, yana jira. Yaran maƙwabta su maimaita, ya shafe. Safiyar nan ya fita da sauri, bai shafe ba.

Etelka ba ta iya karatu sosai ba, amma ta san rubutun hannun mijinta.

"Shafe mana, ke!" in ji Piroska. "Ko so kike a loda ku a jirgin ƙasa ke da 'yarki?"

Ta kasa shafewa. Sai da ta ji takalmi a bakin ƙofa ta juye kwaɓin gaba ɗaya a kan rubutun, ta danna da ƙarfinta.

Ɗan sandan ya birkice akwati, ya farke katifa, ya leƙa har cikin tanda. Sannan ya tsaya a kanta, yana magana da gurɓataccen Hungariyanci.

"Inna, ina littattafan mijinki?"

"Littafi? Ranka ya daɗe, mutumin da ko jerin cefane ba ya rubutawa?"

"Wannan murza haka, burodi kike yi ko faɗa?"

"Garin bana ne, ba shi da kirki."

Ya yi dariya, ya ce a ajiye masa guda in ya gasu. Ya tafi hannu wofi. Ba a kore su daga ƙauyen ba, amma Kalman bai dawo ba. Da bazara takarda ta zo cewa ciwon huhu ya kashe shi a inda aka kai shi aikin gona.

Burodin ranar, wanda ya shanye rubutun Kalman na ƙarshe, ita da 'yarta suka cinye shi.

Har yau ba ta iya murza burodi a kicin ɗinta. Kowace safiya takan rufe kwanonta da ƙyalle, ta dubi titi hagu da dama, sannan ta tsallaka gidan Piroska ta murza a can.