Wa Ya Tuƙo Motar Daga Maroko

Sakinatu tana durƙushe a cikin motar tana goge busasshen jini daga kujerar baya, sai ta jiyo muryar mijinta ta taga, yana ba baƙi labari a bakin titi.

"Wallahi Dakta, faɗin hanyar nan bai fi tabarma biyu ba. Hagu dutse, dama rami, in ka leƙa sai ka hango awaki kamar tururuwa. Na ce Bismillahi, na ƙanƙame sitiyari."

Ta jefa soson cikin bokiti.

Motar irin wadda Turawa ke kira motorhome ce, doguwa, da gado da kicin da banɗaki duk a cikinta. Mijin nata Zulkiflu ya sayo ta hannu ba tare da ya shawarce ta ba, ya ce ya gaji da zaman ofishin council, wato ƙaramar hukuma, hutun makaranta na bana sai sun taka Maroko da tayarsu. Yau da hantsi suka dawo unguwarsu ta Woolwich, gefen motar duk ya kwarzane, madubin hagu ɗaure da ɗankwalinta. Bayan azahar 'yan sannu da zuwa suka iso: Dakta Abdulƙadir da matarsa Fadilatu daga Stratford, da Kassim maƙwabcinsu, mutumin Kumasi.

"Kai Alhaji, motan nan ya sha wuya," in ji Kassim yana shafa kwarzanen. "Kai kaɗai ka ja shi?"

"To wa zai ja?" Zulkiflu ya amsa da dariya. "Wannan gwaji ne ma. Baɗi in Allah ya kai mu, har Kano."

'Yarsu Zarah tana zaune a kan matakalar ƙofar gida, da filasta a goshi. Ta ɗago kai. "But Baba, it was Mummy…"

"Shiga gida ki kawo wa baƙi ruwa."

Yarinyar ta tashi sumui-sumui ta shige. Sakinatu ta goge hannunta, ta miƙe. Ta leƙo ta ƙofar motar, ta yi wa baƙi murmushin da ya tsaya a leɓe.

"Baban Zarah, zo ka kama mini wani abu."

Yana shigowa ta ja ƙofa ta rufe.

"Kano ka ce?"

"Hira ce kawai, Sakinatu. Rage murya."

"Ba zan rage ba. Dubi kujerar nan. Tun ɗazu nake gogewa, ya ƙi fita. Jinin 'yarka ne. Ita ka kora yanzu kamar ta yi sata, don ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta gani da idonta."

"Me kike so in ce musu?"

"Ban ce ka ce komai ba. Tun daga Maroko na roƙe ka ka yi magana? Ko sannu ba ka ce mini ba, na haɗiye. Amma ka tsaya gaban yarinya kana ƙanƙame sitiyarin ƙarya?"

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa sai ranar ta dawo mata sabuwa.

A tsaunukan Atlas ne taswirar wayarsa ta nuna masa wata gajeriyar hanya. Wani dattijo a gidan mai ya dubi tsawon motar, ya girgiza kai, ya ce hanyar jakuna ce. Ita ma ta roƙe shi su bi kwalta. Ya ce da ita tsoro ya yi mata yawa. Ba su yi nisa ba kwalta ta ƙare, sai tsakuwa da gargada, kwanuka suna ta kaɗawa a cikin kabad. Motar ga tsawo ga nauyi, duk kwanar da aka sha sai tayar baya ta taka bakin rami. A wata kwana mai tsanani ƙasa ta zame a ƙarƙashin tayar, motar ta karkata, kabad ɗin sama ya ɓalle, tukunya ta faɗo a goshin Zarah. A gabansu kuma duwatsu sun zubo sun tare hanya.

Zulkiflu ya daskare. Hannunsa na rawa, bakinsa na maimaita salati, yarinya na ihu a baya, amma ya kasa ko juyowa. Sakinatu, wadda a kantin magani take aiki, wadda ba ta taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar motar cefanenta ba, ita ta janye shi daga kujerar, ta danƙa masa tawul ta ce ya danne goshin yarinyar. Ta sa giyar baya. Ta riƙa ja da baya taku-taku, tana manne da jikin dutse har madubi ya karye, kulochi yana ƙauri, gumi yana shiga mata ido, har suka sami fili ta juya. A wani ƙaramin asibitin ƙauye aka ɗinke goshin.

Daga ranar bai sake taɓa sitiyari ba. In ya zauna a kujerar, rawar sai ta dawo. Ita ta fito da su daga Maroko, ta shigar da motar jirgin ruwa, ta ratsa Sifen da Faransa a hannun titin da ba ta saba ba, tirela na wucewa iska na jijjiga su, kafaɗunta kamar an yi mata duka.

"Kin san mutanenmu," ya ce a hankali. "Gobe labari ya kai masallaci. A ce Zulkiflu ya kwashi iyali ya kai su dutse, mace ta dawo da shi."

"To ba haka aka yi ba?"

"Ki rufa mini asiri."

"Na rufa. Ni ma kunyar nake ji, kada ka zaci daɗi nake ji. Amma ka sani, fasfon Zarah yana hannuna. In Kano kake so ta hamada, ga motar ga hanya, kai kaɗai. Kuma yau sai ka ba yarinyar nan haƙuri, don ba zan raini 'yar da za ta koyi cewa in namiji yana ƙarya shiru ake yi ba."

Kafin ya amsa, wani ƙaho mai ƙarfi ya cika layin. Babbar motar kai kaya ce ta wani kanti, ta shigo ta tarar gindin motarsu ya ci rabin titi, ga wasu motoci sun jeru a bayanta. Direban, wani jibgegen Bature, ya leƙo yana ɗaga hannu.

Kassim ya buga ƙofa. "Alhaji, fito ka matsa shi, mutumin nan zai cinye mu."

"Direban Sahara, ga ɗan gwaji," Dakta ya ƙara da raha.

Sakinatu ta zaro makulli daga aljihunta ta ajiye a kan teburin motar. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta je ta tsaya kusa da Fadilatu ta naɗe hannu. Zarah ta fito da faranti da kofuna, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Zulkiflu ya zauna a kujerar direba. Ya kai makulli, ya kasa samun ramin. Ya sake kaiwa. Ta gilashin gaba kowa yana ganin yadda hannunsa ke karkarwa. Ƙaho ya sake tashi, na bayan ma suka kama. Dariyar Dakta ta ɗauke.

"Lafiya kuwa?" Fadilatu ta raɗa mata.

Sakinatu ta kafe mijinta da ido. Ranta yana tafasa, kuma a ƙarƙashin tafasar tana jin tausayinsa, abin da ya ƙara ba ta haushi. Ta ƙi motsawa.

Can Zulkiflu ya sauke gilashi. Bai dubi Dakta ba, bai dubi Kassim ba, 'yarsa ya duba.

"Zarah ta fi ni gaskiya," ya ce, muryarsa a dishe. "Tun daga kan dutsen nan ban sake tuƙi ba. Mamanta ce ta kawo mu gida." Ya miƙo makullin ta taga. "Maman Zarah, don Allah."

Sakinatu ta bari ya ɗan jima da hannu a miƙe, sannan ta taka ta karɓa.

"Sauka ka tsaya a baya ka duba mini," ta ce. "Madubin hagu ba ya nuna komai."