Maganar da Orpha Kaɗai Ke Gani

Kowa ya san fuskar Lemuel Tackett, amma da wuya a sami wanda ya san sunan mai ita. A finafinan Hollywood ya yi baran attajirai, ya yi likita, ya yi kawun amarya, mutuwa kuwa ya yi ta har ya gaji. Zamanin da fim bai fara magana ba, ɗan wasa na iya faɗin abin da ya ga dama a gaban kyamara, muddin bakinsa na motsi. Wasu ashar suke zubawa. Shi Lemuel da matarsa yake hira.

Orpha ta kurmance tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita suna sabon aure, amma tana karanta leɓe kamar jarida. Ranar Asabar da la'asar sukan shiga sinimar unguwa, hayaƙin taba na iyo cikin hasken majigi, ta zuba wa allo ido. Jama'a na share hawaye likita yana sanar da rasuwa, ita tana danne dariya, don likitan Lemuel ne, cewa yake ta cika gishiri a miyar wake. Wani lokacin kuma abin da yake jin nauyin faɗa a gida yake faɗa mata, domin mutum ne mai kunyar tsiya.

Sai fim ya buɗe baki. Aka ɓoye makirufo cikin tukunyar furanni, aka hana kowa ko da tari. Taurari da yawa muryarsu ta tona musu asiri, amma ta Lemuel mai kauri ce, mai daɗin ji. Darakta Brandvold ya ba shi matsayin alƙali, da magana mai tsawo, har sunansa zai hau allo a karon farko.

Ranar ɗauka fitilu suka yi zafi, ɗakin ya yi tsit kamar ƙarƙashin ruwa. Sabo turken wawa. Lemuel ya dubi idon kyamara, ya ce a hankali, "Orpha, jiya na yi mafarki muna bakin tafki, kina jin kukan agwagi."

Mai ɗaukar sauti ya fashe da dariya, kowa ya bi. Brandvold ya ce, "Baba Lem, wace ce kuma Orpha? Hukunci za ka yanke, ba zance ka zo ba. Yanzu tukunya ma kunne gare ta."

Ya sake, ya faɗi abin da aka rubuta daidai, amma ransa na can bayan kotu, wurin 'yan cika benci da aka umarta su riƙa motsa baki ba sauti. Washegari ya roƙa a mayar da shi cikinsu. Brandvold ya ce bai taɓa ganin wanda ake ja sama yana neman gangara ba, ya ɗauka tsufa ne, ya ba wani alƙalancin.

Da fim ɗin ya fito suka je. Ga Lemuel can a bencin ƙarshe, tsakanin ginshiƙi da hular wata mata, fuskarsa ba ta fi ƙwayar wake ba, ga ta dishi-dishi. Abin da ya faɗa a wurin bai taɓa faɗa ba: cewa tsoronsa ɗaya a duniya ta riga shi tafiya. Orpha ta sunkuyo gaba, ta ƙanƙance ido, har kotun ta wuce.

Sai ta yi 'yar dariya, ta mintsini hannunsa. "Kai dai tsoho ba ka gajiya da zancen ciki. To, gobe zan dafa maka."

Nan ya gane ba ta ga komai ba, kuma don ta san abin da ya bari dominta ne ta ƙi nunawa.

"Abin da na ce ke nan," in ji Lemuel. Amma duhu ne, wannan ma ba ta gani ba, sai ya matse mata yatsu.