Farin Kwat da Garwar Fetur

A shekarar 1955 Malam Ilu mai wanki da guga yana da rumfa a Fagge, a bakin hanyar shiga Sabon Gari. Dattijo ne mara wasa a kan aikinsa. Cikin masu kawo masa kaya akwai Celestine, makanike a tashar jirgin ƙasa, mutumin kirki amma mai garaje.

Wata Asabar da hantsi Celestine ya karɓi farin kwat ɗinsa, wanda ba shi da wani sai shi, an wanke an goge. Washegari za a yi wa jaririyarsa Nkechi baftisma, 'yar da suka samu bayan shekara tara da aure. Mai hankali naɗe kwat ɗin zai yi ya kai gida. Shi kuwa sai ya zura a jiki don mutanen hanya su gani. A kwanar layinsu ya tarar da motar gyaɗa ta mutu, direba yana fama da garwar fetur. Ya je kama masa, garwa ta kuɓuce, fetur ya jiƙa masa hannun dama daga kafaɗa har yatsu.

Ya dawo rumfa, matarsa Monica tana biye da goyo.

Ya ce, "Malam Ilu, taimaka. Ɗan bi shi da dutsen guga ya bushe, warin ya fita."

Malam Ilu ya yi maza ya ɗauke dutsen gugarsa mai cike da garwashi ya kai bayan rumfa.

"Tsaya daga nan. Kai da kake aikin inji, ni zan gaya maka abin da ke tsakanin fetur da wuta? Tuɓe."

"A nan, a bakin titi?"

"Da kake taƙama da shi ba a titi kake ba? Tuɓe, har rigar ciki."

Monica ta ce, "Gaya masa dai, Baba. Na ce ya bari sai gobe, ya ce yau shi ne gwamna."

Da ya tuɓe, damtsen ya riga ya yi ja, yana raɗaɗi. Duk da haka ya ce, "A wurin aiki da kananzir muke wanke hannu, ba abin da ya same mu."

"Shi ya sa tafinka ya tsattsage kamar diddigen manomi. Miƙo hannu."

Malam Ilu ya ɗebo ruwa a randa ya yi ta kwarara masa, ya ba shi sabulu, ya hana shi dirzawa. Sau uku suka yi haka. Da fatar ta bushe ya shafa masa man kaɗanya. Kwat kuwa ya shanya shi a inuwa, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhun mai ƙosai. Sai da la'asar ya wanke shi shi kaɗai a ruwan sanyi, sau biyu, bai haɗa da kayan kowa ba.

Lahadi da sassafe mata da miji suka iso. Malam Ilu ya kai hanci kafaɗar kwat, inda tela ya cusa auduga.

"Yana nan. Audugar ta sha, ba ta sake shi ba."

Celestine ya ce, "Ɗan wari ne kawai. Zan zuba turare."

Malam Ilu ya juya wajen Monica. "'Yata, na taɓa jin kin ce ana kunna kyandir a wannan hidima taku. A ina ake riƙe shi?"

Ta ce, "Dab da jaririya. Shi kuma yana tsaye a gefenta." Ta gyara goyonta. "Ba zai sa ba, Baba."

Celestine ya zauna a kan benci. "To in je da kakin aiki? Duk 'yan garinmu suna can."

Malam Ilu ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, fara, mai aska biyu, da wando da hula.

"Ungo. Kada ka taɓa motar kowa da ita, ko ta Fadan cocinku ce ta mutu."

Sai da aka koya masa yadda ake tattare hannun riga a ɗora a kafaɗa, Monica tana dariya tana kiransa Alhaji. Haka ya shiga coci, ya tsaya a gefen 'yarsa, kyandir yana ci, ba wanda hankalinsa ya tashi.

Da azahar suka dawo da rigar a naɗe, da kwanon shinkafa da kaza wadda mahauci Musulmi ya yanka musu. Malam Ilu ya duba rigar ciki da waje, ya duba damtsen Celestine, jan ya kwanta. Sannan ya karɓi Nkechi ya sa mata albarka.

Kwat sai ran Laraba, bayan ƙarin wanki biyu, Malam Ilu ya yarda ya ɗora masa dutsen guga. Tun daga lokacin Celestine ya daina wanke hannu da kananzir, ya ajiye sabulu a akwatin kayan aikinsa. Garajen ne dai bai bari ba.