Malam Aƙilu a Cikin Lambatu

Malam Aƙilu shi ne mai kula da leburorin tsaftar gari a cikin birnin Zariya. A daminar 1985 ofis ya tura shi kwas Kaduna, ya dawo da satifiket da wani sabon ilimi: wai ma'aikaci ba tsawa ake yi masa ba, labari ake ba shi. A samo jarumi, a jefa shi cikin wahala, a bari ya jigata, sannan ya yi nasara. Mai sauraro da kansa zai miƙe ya kama aiki.

Abin ya kwanta masa, don dama shi bai iya tsawa ba. Da ya ɗaga murya sai tari ya sarƙe shi.

Ya dawo ya tarar babban lambatun da ke bayan Ƙofar Kuyambana ya toshe, ruwa har ya fara shiga zaurukan mutane. Leburori sun je sun leƙa, sun ga baƙin ruwa mai kumfa, sun koma gindin bishiya sun zauna.

Ya kira Yona, akawun ofis, mutumin Wusasa, ya ce, "Taho ka ga yadda ake tafiyar da jama'a a zamanance."

"To, Malam," in ji Yona.

Aƙilu ya tsaya gaban leburorin cikin farin kaftani, ya gyara murya, ya fara. Wani gari ne ruwa ya tasam ma cinyewa, mata na kuka, maza sun tsere. Niyyarsa jarumin ya zama lebura, haka aka koya masa. Amma da labari ya fara daɗi, mutanen unguwa suka kewaye shi, sai ya ji ba zai iya sakar wa wani wannan matsayi ba. Jarumin ya zama shugaban ma'aikata, dogo, mai tabarau, mai ɗan saje, sak Aƙilu. Shi ne ya naɗe wando, ya karɓi shebur, ya faɗa ruwa kafin kowa.

Bahago, babba a cikin leburorin, ya miƙe yana share ido da bakin riga, ya ɗauki shebur. Aƙilu ya ɗaga wa Yona gira, alamar ka gani ko.

Bahago ya matso, ya rusuna, ya miƙa masa shebur ɗin da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba mu san haka kake ba. Bismilla, muna bayanka."

Ba zolaya yake yi ba, abin da ya fi ƙona wa Aƙilu rai ke nan. Ya waiga wajen Yona ko zai cece shi. Yona ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wata tsohuwa kuwa har ta fara sa masa albarka.

Ya naɗe wando ya shiga. Ruwan ya kai masa ƙugu, wani abu mai santsi ya shafi ƙafarsa ya wuce. A ransa ya ce, kai Aƙilu, duk faɗin duniya ka rasa wanda za ka ba tabarau sai jarumi.

Sai ya ji facal a bayansa. Bahago ne. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya, wani ya ɗauko waƙar aiki, aka amsa. Kafin la'asar sun fitar da tsummokara da gwangwanaye da wata tsohuwar katifa, ruwa ya ɓalle ya tafi. Takalmin Aƙilu guda ya bi shi.

A gida, matarsa Ramatu ta tsayar da shi a zaure, ta turo masa bokiti da sabulu daga nesa.

"Wannan shi ne ilimin Kadunan?"

"Ai ya yi aiki," ya ce, yana ƙoƙarin miƙe bayansa.

Bayan nasa bai miƙu ba, sai da ya kwanta jinya. Yona ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna bakin tabarma, ya ce masai na kasuwa ya cika, kuma leburori sun ce ba za su taɓa ba sai Malam ya zo ya ba su labari.



"Je ka yi musu tsawa, Yona," in ji Aƙilu.