Gumin Dutse daga Makka

A shekarar 1994, da alhazai suka dawo, Gado na Allakaye bai iya fita tarbar taubashinsa Aliyu ba. Tun bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, ya wuce ya bar shi da jiri da kasala. Gado ya haura hamsin, manomin gero da wake ne a kan tudu, kuma a da shi ake kira in za a kawar da babban dutse daga gona. Yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta.

Aliyu ne ya zo ya same shi. Bayan dabino da zamzam, ya ciro wani ɗan gwangwani kamar na man shafawa. Abin da ke ciki baƙi ne wuluk, mai danƙo, yana wari kamar garken awaki bayan ruwan sama.

"Mine ne wanga, Alhaji? Kwalta ka kawo min tsaraba?"

"Sunanshi salajit," in ji Aliyu. "Wani ɗan Fakistan yas saida min kusa da masaukinmu. Ya ce gumi ne da duwatsun ƙasarsu ke yi in rana ta buge su. Tsoho in ya sha, ƙarfinshi na komowa."

"Da wane harshe kunka yi magana?"

"Da hannu. Akwai wani ɗan Sudan da yaf fassara rabi."

Da Gado ya tambayi yawan da ake sha, Aliyu ya nuna kan ɗan yatsansa, sannan ya sake dubansa. Bai tabbata ba ko mutumin yana nufin ɗan abin da farce zai ɗauko, ko kuwa kan yatsan gaba ɗaya. Suka tsaya a kan ƙwayar dawa.

Fatsima, matar Gado, ita ke narka masa shi cikin madara mai ɗumi kowace safiya. A cikin kwanakin nan ne kuma ta je dispanser, ƙaramin asibitin gari, ta karɓo masa jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, awakinta biyu suka haihu madara ta wadata, ruwan sama ya sauka zafi ya karye. Kafin noman farko ya ƙare, Gado ya koma gona. A maimai kuwa har ya bar matasa a baya. Duk unguwa ta ce gumin dutse ne, shi ma haka ya ce. Fatsima ta ambaci jajayen ƙwayoyin, ba wanda ya saurare ta.

Da gwangwanin ya ƙare, Gado ya ji tsoro ya kama shi, kamar ƙarfin nan aro ne za a zo karɓa. Aliyu ya ce nasa ɗan kaɗan ya rage. Sai Gado ya hau mota ranar kasuwar Madawa, ya yi ta bin masu shimfiɗa magani a tabarma yana faɗin sunan. Wasu suka miƙa masa kwalli, wani ya miƙa masa jar kanwa. Can wani mai rawani ya ce yana da shi, ya buɗe jaka ya fito da baƙin dunƙule a cikin leda. Wannan ya fi na Aliyu laushi, warinsa kuma ya fi kama da sukarin da ya ƙone. Mai maganin ya ce ai na Indiya ne, shi ya sa, kuma a sha kamar ƙwayar wake, safe da yamma.

Gero ya fara kai lokacin da babban yatsan ƙafar Gado ta dama ya kumbura. Ya yi sheƙi, ya yi zafi, ko gefen zane ya taɓa shi sai Gado ya cije leɓe. Cikinsa ya ɗaure, bakinsa yana masa ɗanɗanon ƙarfe.

Fatsima ta ce na kasuwa ne, ba ta taɓa yarda da warinsa ba. Aliyu ya ce shi yana shan nasa lafiya lau, Gado ne ya cika cin kayan ciki a sunayen da aka yi ta yi a unguwa. Daga baya ya sake magana ya ce ƙila ma ƙwayar gero ɗan Fakistan ɗin ya nuna masa, su suka mayar da ita dawa.

Sai ga Sa'a, yayar Gado, ta zo dubiya. Mahaifinsu a zamaninsa shi ke kula da wani dutse a bayan gari, inda ake zuba gumba kafin shuka. Gado ya bar wannan tun yana saurayi, Sa'a ma tana salla, amma ba ta taɓa wucewa ta gaban dutsen da takalmi ba. Ta duba ƙafar, ta shinshina baƙin dunƙulen.

"Gado, ka bar dutsen gidanku da ƙishirwa, kat tahi kana shan gumin na wata ƙasa. Ina kake so shi kama ka in ba ƙafar da ka ƙi takawa wurinshi ba?"

"Yaya, bar wagga magana. Daga ƙasa mai tsarki anka kawo shi."

"Na farkon. Na biyun fa?"

Gado ya kwanta yana kallon rufin ɗaki, maganganun nan uku suna juya masa a kai, kowace in ya riƙe ta sai ya ga tana da gaskiya.

Da ƙafar ta hana shi tsayuwar salla, Fatsima da Aliyu suka ɗora shi a kan kamiyo, motar ɗaukar kaya mai zuwa bakin kwalta, daga nan suka kai shi asibitin mishan. Wadda ta karɓe su wata ma'aikaciyar jinya ce, Hulda, Kirista ce ƴar yankin, Hausarta irin tasu. Ta tambayi abin da yake sha. Fatsima ta kwance bakin zane ta fito da tsohon gwangwanin da ledar kasuwa.

Likitan Bature ne, Hulda ke masa tafinta. Ya latsa gefen yatsan a hankali, ya sa aka ɗebi jini, sannan ya juya ga baƙin abin. Bai taɓa ganinsa ba. Ya tafi ya daɗe, ya dawo da wani littafi mai kauri, ya ce layuka kaɗan kawai ya samu. Ya kankaro ragowar na gwangwani ya sa a ruwan ɗumi, ya narke tas ya koma kamar shayi. Na kasuwa ya narke rabi, ya bar tsakuwa-tsakuwa a gindin kofi.

"Ka gani, Malam," in ji Fatsima.

Hulda ta saurari likita, sannan ta ce, "Baba, ya ce wanga ya nuna ba iri ɗaya ba ne. Amma bai nuna wane ne mai kyau ba."

Ta yi masa bayani a tsanake. Ciwon yatsan sananne ne, wani irin gishiri ne da jiki ke tarawa a gaɓa. Yana iya zuwa da kansa ga namiji mai shekarunsa, nama da kayan ciki na iya tsokano shi, kuma akwai masu cewa wannan baƙin abin ma yana iya. Shi salajit, mutanen can ƙasashen sun daɗe suna sha don ƙarin ƙarfi, amma ba a gwada shi yadda ake gwada maganin asibiti ba. In ba a tace shi ba yana iya ɗauke da dalma ko wata guba ta cikin ƙasa, kuma ciwon cikin nan na iya zama daga nan. Ba su da na'urar da za ta duba.

Gado ya dube ta, ya dubi Baturen.

"Ɗiyata, tambaye shi. Abin ga, shi yat tashe ni ko shi yak kada ni?"

Ta tambaya. Likitan ya buɗe hannuwa.

"Ya ce bai sani ba, Baba."

"Likita ne kuwa?"

"Likita ne," ta ce, tana ɗan murmushi. "Abin da ya sani shi ne ka daina shan duka biyun. Ka sha ruwa da yawa, ka rage kayan ciki, ga ƙwayoyi na kumburin."

Aliyu, wanda ke tsaye bakin ƙofa, ya tambaya ko shi ma ya daina. Likitan ya ce in da shi ne zai daina. Aliyu ya ce ai shi ba abin da ke damunsa, likitan ya ce to, hakan ma na yiwuwa.

Kumburin ya sauka kafin a gama yankan gero, cikin ma ya saki. Ƙarfin Gado bai kai na lokacin maimai ba, amma bai koma irin na bazara ba. Fatsima ta jefa dunƙulen kasuwa a masai ta ce an rabu da shi. Aliyu ya ci gaba da lasar nasa har ya ƙare, bai yi ko ciwon kai ba. Sai bayan an ɗaure dammunan gero Sa'a ta gaya wa Gado cewa a makon da aka kai shi asibiti ta je bayan gari da ƙwaryar gumba, kuma ta lura washegari ne aka ce ya samu sauƙi.

Da lokacin tafiyar alhazai ya sake zagayowa, Isufu, maƙwabcin Gado, ya same shi a zaure. Matar Isufu na da ciki, ba ta da jini, shi ne yake tunanin ya yi sautun gumin dutse.

"Mai ciki kam a'a," Gado ya ce nan take. "Kai ta dispanser."

"To ni fa? Bayana na ciwo."

Gado ya gyara zama, ya fara ba shi labarin tun daga zazzaɓin bazara, da ɗan Fakistan, da mai rawanin Madawa, da kofin likita, da gumbar Sa'a. Isufu ya saurara har aka kira la'asar.

"To in yi sautun ko in bari?"

Gado ya jawo buta ya fara nannaɗe hannun riga.

"Tashi mu yi salla tukuna," ya ce. "Ni ma ina kan tunani."