Na'urar da Ba Ta Son Turaren Wuta

Tun ranar da Umara ya kafa na'urar nan a bangonmu na san ba za a wanye lafiya ba, domin bai shawarci yayarsa ba.

Gidanmu a unguwar Yerimaram katanga ɗaya muke da masana'antar ƙanƙara. Da iskar amoniya suke daskarar da ruwa, kuma bututunsu ya tsufa. 'Yata Raudatu tana da asma, shekararta bakwai a lokacin, 1996. Umara ƙanin matata Kellu ne, yana karatun sinadarai a Maiduguri. Shi ya kawo abin, kamar ƙaramar rediyo.

"Yaya, a cikinta akwai ƙonannen garin kuza," in ji shi. "Silin gashi ya fi ƙwayoyinsa kauri sau dubu. Da amoniya ta taɓa su sai ta yi ƙara, kai kuma ka ɗauki yarinya ku fita. Kada dai a toshe mata hanci."

Bayan la'asar Kellu ta zuba turaren wuta a kasko, kamar kullum tun da na aure ta. Na'ura ta tsala ihu. Na saɓi Raudatu, ba takalmi, sai bakin titi. Washegari ma haka. Rana ta uku maƙwabta suka shimfiɗa tabarma da wuri suna jira.

"Malam, haɗin kakata ne fa," in ji Kellu. "Abin da bai san ƙamshi ba, wari zai sani?"

Ban ce a daina turare ba. Ba a faɗa wa Babarbariya haka. Ita ma ba ta cire na'urar ba, don kayan ƙaninta ne. Sai ta mutunta ta: ta sa mata leda, ta ɗaure, ta rufa mata saƙaƙƙen ƙyalle irin na kan rediyo. Na gani. Na ƙyale ta, don ƙafafuna sun gaji.

Wata Talata da hantsi bututun ya fashe. Idanuna ne suka fara yaji, sannan na jiyo tarin Raudatu daga ɗaki. Na'urar tana bango, tsaf da ita, ko uffan. Kwana huɗu muka yi a asibiti.

Da Umara ya zo ya kwance ledar, ya daɗe yana duba cikinta.

"Ko ledar ce, ko kuma hayaƙin turaren ya riga ya lulluɓe garin kuzar. Sai an gwada da amoniya."

"A ina za a gwada?"

Ya kalli katangar masana'antar.

Yanzu Kellu a ƙofar gida take turare. Na'urar tana rataye babu leda, ba ta kuma sake ƙara ba. Har yau ban sani ba ko iskar ce lafiya, ko na'urar ce ta mutu.