Ƙullatau, Maƙiyin Kekuna

Ni na haifi Ƙullatau, kuma ba da kyakkyawar niyya na haife shi ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka ni ce baiwar Allahn nan da ta sadaukar da rayuwarta don faranta wa yara rai.

Ƙullatau shi ne mugu a katun ɗin da muke yi wa gidan talabijin, wanda ake sakawa duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Yana zaune a cikin wani tsohon tankin ruwa a saman gari, shi da wata kyanwa da ta raina shi, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga bayan keke. Mulki bai dame shi ba, zinariya ba ta gabansa. A kashi na farko ya ƙera injin da ke mayar da taya mai kusurwa huɗu. A na biyar ya horar da ɓeraye su riƙa cinye sirdi. Kullum Mai Wasiƙa, jarumar shirin, takan taho a kan jan kekenta ta wargaza masa shiri, shi kuma ya koma tanki yana huci, ya ƙara ƙulli ɗaya a doguwar igiyar da yake ɗaure duk laifin da aka taɓa yi masa. Igiyar ta zagaye tankin sau bakwai, har shanya yake yi a kanta.

Kunnuwansa na Yayana ne. Na ɗauko su daga hoton aurensa, na ƙara musu faɗi kaɗan, ko da yake Allah ya riga ya yi yawancin aikin. Tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa ma na Yaya ne, haka gyaran muryar nan da yake yi sau biyu kafin ya faɗi maganar da ba ta kai a yi mata gyaran murya ba. Sai da na zaunar da Mai Murya, wanda ke yi wa Ƙullatau magana, wani ɗan tsamurmurin dattijo da ya yi ritaya daga gidan rediyo, na kunna masa saƙonnin Yaya goma sha ɗaya a wayata har ya ƙware.

"Wane ne wannan?" ya tambaye ni.

"Wani ne kawai."

"Wanin nan dai ya taɓa ki," ya ce, ya mayar da abin sauraro kunnensa.

Ya taɓa ni kuwa. Ina shekara tara, na cika littafin makaranta guda da zane, shafi sittin, labari daga farko har ƙarshe, don gasar da za a yi a makarantarmu. Wata biyu na yi a kansa. Da safiyar ranar gasar, Yaya, mai shekara goma sha shida, yana tsugune a tsakar gida yana gyaran sarƙar kekensa. Hannunsa ya yi baƙi ƙirin da giris, ya waiga bai ga tsumma ba, ya ga littafina a kan benci. Na fito daga wanka na tarar ya yage rabin littafin, ya dunƙule takardun ya watsar. Na yi kuka har muryata ta dishe. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "Ai takarda ce." Ya hau kekensa ya tafi.

Shekara ashirin da huɗu ke nan. Yanzu bakanike ne, yana da garejinsa, da mata, da 'ya'ya uku. Muna gaisawa, ina zuwa gidansa, shi ke gyara min mota. Ban taɓa tayar masa da zancen ba. Na ajiye shi ne kawai, ina jiran ranar da zai ji kunya a gaban mutane, ya buɗe baki ya ce ya yi laifi.

Sutudiyonmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, mu biyar a ciki da fanka ɗaya mai ƙara. Darakta mutum ne mai tauna murfin biro, duk biron da ke ofis ɗin ya sha haƙorinsa. Wata rana muna shirin kashi na goma sha uku, ya tsaya a bayana yana kallon kwamfutata.

"Mugun nan naki yara sun fi son sa a kan jarumar," ya ce. "Amma iyaye suna ta tambaya, me keke ya yi masa? Mutum ba ya tashi haka kawai ya tsani keke. Ki ba shi tarihi. Me aka yi masa yana yaro?"

Na zauna kwana uku ina nema. Na ce keke ya taka masa ƙafa, Darakta ya ce bai isa ba. Na ce an hana shi aron keke, ya ce wannan kowa an yi masa. A ƙarshe na ga cuta ɗaya ce tak na sani ciki da waje, har da warinta. Sai na ba Ƙullatau ita. Na zana shi yana ƙarami da littafin zanensa, na zana wansa a tsugune gaban keke, na zana baƙin hannun nan yana miƙowa. Firam, wato zane ɗai-ɗai, har ɗari biyu da arba'in na kashe a kan yagewar takardar kaɗai, abin da firam talatin ya ishe shi. Mai Launi, yarinyar da ke zuba wa zanena kala, ta ce ba ta taɓa ganin an so giris haka ba.

Ni a lissafina, komai ya yi daidai. Yaya zai ga kunnuwansa, ya ga makullansa, sannan ya ga aikin hannunsa. Ko dutse ne shi sai ya motsa.

Ranar Asabar ɗin da za a saka shi, na tara kowa a falon Inna. Na sayo lemo da biskit da kuɗina, abin da ya sa Inna ta tambaye ni ko lafiya. Yaya ya zo kai tsaye daga gareji, ya zauna a kujerar da ke fuskantar talabijin, wadda ni na tanadar masa. Matarsa na gefensa, yaran suna ƙasa a kan kafet. Ni kuwa na zauna a inda nake ganin fuskarsa sosai, don ba talabijin na zo kallo ba.

Aka fara. Ƙullatau ya fito daga tanki, ya yi gyaran murya sau biyu, makullai na kaɗawa. Na saci kallon Yaya. Biskit yake ci. Mai Wasiƙa ta wuce a guje ta fallatsa wa Ƙullatau ruwan kwata, kyamara ta matso kusa da fuskarsa. Ya ɗaga girar hagu, ya ciji gefen leɓensa na ƙasa, hancinsa ya buɗe.

"Gwaggo ce," in ji 'yar Yaya ta tsakiya, tana nuna talabijin da kwalbar lemo.

"Wace gwaggo?" na ce.

"Ke mana. Haka kike yi in an taɓa miki jaka."

Inna ta gyara tabarau, ta leƙa talabijin, ta juyo ta dube ni. Ban san na ɗaga gira ba, ban san na ciji leɓe ba. Sai ta fashe da dariya, irin wadda sai an bubbuga mata baya.

"Wallahi Auta ce," ta ce tana share hawaye. "Tun tana goye haka take. In aka cire ta daga nono, wannan kallon take yi min har washegari."

"Inna, ki dubi kunnuwan."

"Kunnen me? Ki dubi bakin dai."

"Mu ai tun kashi na biyu muka gane," in ji matar Yaya. "Mun ɗauka da gangan kika yi. Har na ce wa babansu, ka ga Auta ba ta da girman kai, ta mayar da kanta abin dariya don yara."

A nan ne abin ya faɗo min. Duk mai zana katun yana da ɗan madubi a kan teburinsa. In za ka zana mamaki, sai ka yi mamaki a madubi ka kwafa. In fushi ne, ka ɓata rai ka kalli yadda fatar goshinka ta tattare. Haka aka koya mana, haka kowa ke yi. Shekara uku ina zama gaban madubin nan, in tuno Yaya da kekensa, in kwafi abin da na gani. Kunnuwa biyu kawai na ara a wurinsa, duk abin da ke tsakaninsu nawa ne. Na kuma ɗauki ciwona na ɗora wa mugun da hannuna, ban ko tsaya na yi tunanin wanda ke riƙe da igiya mai ƙulli a gidanmu ba.

Na ji kunya, na ji haushi, kuma haushin ya ƙara ba su dariya, don fuskata da ta talabijin sun koma abu ɗaya.

Sai wurin yage littafin ya zo. Ƙaramin Ƙullatau ya ajiye littafinsa a kan benci. Baƙin hannu ya miƙo. Takarda ta fara yagewa a hankali, firam ɗari biyu da arba'in. Yaran suka matsa kusa da talabijin. Wan Ƙullatau ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ai takarda ce."

"Mugu," in ji babban ɗan Yaya. "Baba, ka ga mugu?"

Yaya ya ƙura wa talabijin ido. Rabin biskit na hannunsa, bai kai baki ba, bai ajiye ba. Da aka fara waƙar rufewa ya miƙe, ya ce bari ya duba min motata, ya ji tana wata ƙara da na shigo.

Motata ba ta wata ƙara. Na ba shi minti biyar, sannan na bi shi.

Na same shi ya ɗaga bonet, ya sunkuya yana taɓa abin da ba ya buƙatar taɓawa. Na tsaya na harɗe hannu. Ina da jawabi iri uku da na daɗe da haddacewa. Akwai na ranar da zai ce bai tuna ba, akwai na ranar da zai yi dariya, akwai kuma wanda na fi so, na ranar da zai ce yarinta ce, wanda ke da sakin layi guda a kan Inna da yadda ta goya masa baya.

Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Mai koren bango ne, ko?" ya ce, kansa na cikin inji.

"Shi ne."

"Ki yi haƙuri, Auta. Na cuce ki. Tun a ranar na sani, girman kai ne ya hana ni faɗa, daga baya kuma na ga kamar kin manta."

Haka kawai ya faɗe ta, yana murza murfin ruwan batir. Babu musu, babu kare kai, ko ɗan "amma" da zan kama in hau kansa bai bar min ba. Na tsaya da jawabaina uku a baki, babu wanda ya dace. Abin da na fara tunawa, Allah ya yafe min, shi ne gidan talabijin sun nemi ƙarin kashi ashirin da shida, kuma ranar Litinin zan fara.

"Ka janye," na ce.

Ya ɗago. "In janye me?"

"Haƙurin. Ba yanzu ba. Ka bari sai na gama zango na biyu."

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Da gaske nake, Yaya. Da me kake so in zana shi? Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da abu, ka zo ka karɓe a minti ɗaya kana duba batir?"

Ya yi murmushi, amma idonsa ya yi ja. Ya zaro tsumma daga aljihun baya ya goge hannu, ya jingina da motar.

"Kin san na karanta sauran?" ya ce. "Da kika jefar da shi a bayan ɗaki, na ɗauko da yamma. Kifin nan da ya gaji da kogi, ya shiga bokitin wata mata ya hau jirgin ƙasa. Da mai duba tikiti da ya ce kifi ma sai ya biya. Na yi dariya ni kaɗai kamar mahaukaci. Na kai daidai inda bokitin ya fara yoyo, jirgi kuma bai kai tasha ba, sai takarda ta ƙare. Ƙarshen ne na goge hannu da shi." Ya ninke tsumman biyu. "Har yau in na ga bokiti yana ɗiga sai na tuna. Ya aka yi da kifin, Auta? Ya kai?"

Na buɗe baki in gaya masa.

Ina tuna rigar da ya saka a ranar, mai ratsin shuɗi, da maɓalli ɗaya da ya ɓalle. Ina tuna ƙafar bencin da ta gaza sauran tsawo, da warin giris, da sabulun da bai gama fita daga kunnena ba. Zan iya zana hannunsa ido rufe. Na laluba ko'ina a kaina, na sake lalubawa, yana tsaye yana jira.

"Kifi ne a ciki?" na ce.